Daga Ƙuri'a 62 Zuwa Rushe Majalisa: Yadda Rikicin Tandja da 'Yan Majalisar Nijar Ya Gudana

Mai son fahimtar abin da ya wakana tsakanin fadar shugaban ƙasa da majalisar dokokin Nijar daga 2006 zuwa 2010, to ya fara da lissafin kujeru. Mu da muke ɗauko wa gidajen rediyo rahoto daga zauren a Yamai, kowa na yawo da jerin sunayen 'yan majalisa 113 a aljihu, da fensir, domin kusan duk wata rigima a can kan lissafi take ƙarewa. Zaɓen Disamban 2004 ya ba MNSD-Nassara ta Shugaba Mamadou Tandja kujera 47, CDS-Rahama ta Mahamane Ousmane 22, RSD-Gaskiya 7, RDP-Jama'a 6, ANDP-Zaman Lahiya 5, PSDN-Alheri guda. Su ne ɓangaren masu rinjaye, kujera 88. PNDS-Tarayya ta Mahamadou Issoufou da ƙawayenta suka tashi da 25, su ne 'yan adawa. Ƙuri'ar da ake buƙata a ce an haura rabi ita ce 57.

Kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗanka wa kowane ɓangare makami. Majalisa na iya kayar da gwamnati da ƙuri'ar yanke ƙauna, tana iya tura minista gaban Babbar Kotun Shari'a, kotun da ke hukunta shugabanni. Shi kuma shugaban ƙasa na iya rushe majalisar gaba ɗaya. Makaman majalisa sai an tara hannaye, an jira, an tafka muhawara, an ƙirga. Na shugaban ƙasa sa hannu ɗaya ne.

Wutar ta taso ne daga ma'aikatar ilimin firamare da yaƙi da jahilci, abin da aka sani da badaƙalar MEBA, daga gajeren sunan ma'aikatar da Faransanci. Ƙasashe da hukumomin da ke zuba kuɗi a shirin raya ilimi na shekara goma suka sa aka binciki littattafan ma'aikatar. Irin abin da bincike ke tonowa a wannan fanni bai cika sauyawa ba: a tsawwala farashin littafin rubutu ko bencin makaranta, a ba da kwangila hannu da hannu ba tare da an yi takara ba, a biya kuɗin kayan da ba su taɓa isa makaranta ba. Masu ba da tallafin suka riƙe kuɗinsu. A ƙarshen Yunin 2006 aka sallami ministoci biyu, Hamani Harouna mai riƙe da ma'aikatar, da Ari Ibrahim da ya riƙe ta kafin a mayar da shi ma'aikatar lafiya. Jaridar Le Républicain na cikin waɗanda suka fi tona maganar, kuma ba a jima ba aka ɗaure Maman Abou da Oumarou Keita nata, aka yanke musu wata 18 kan wani rubutu dabam da ya shafi firaminista da ƙasar Iran, sai a Nuwamba aka sake su. A cikinmu ba a sami mai cewa abubuwan biyu ba su da alaƙa ba.

A ƙarƙashin kundin 1999, minista ba a kai shi kotun gama-gari kan laifin da ya aikata a bakin aiki. Takardun tuhuma za su zo majalisa daga gwamnati, a kafa kwamiti na musamman ya karanta, ya saurari wanda ake zargi, ya kawo rahoto zaure, sannan a kaɗa ƙuri'ar tuhuma. Ga minista rinjaye mai sauƙi ya wadatar. Ga shugaban ƙasa sai kashi biyu bisa uku, wato 76. Daga nan fayil ya koma hannun alƙalai masu bincike. Masu zama su yanke hukunci kuwa 'yan majalisa ne da 'yan uwansu suka zaɓa daga cikinsu. A riƙe wannan, domin yana nufin duk ranar da babu majalisa, babu kotun. A Oktoban 2006 aka bi waɗannan matakai, ministocin biyu suka shiga kurkuku.

Tambayar da ta rage a bakin kowa ita ce: ya za a yi kuɗi masu yawa haka su fita, shugaban gwamnati bai sani ba? Hama Amadou yana kan kujerar firaminista tun Janairun 2000, shi ne kuma shugaban MNSD. An shirya masu bincike su saurare shi, zaman bai yiwu ba. Wannan 'yan adawa suka kama, a ƙarshen Mayun 2007.

Ga yadda takardar yanke ƙauna ke tafiya a wancan lokaci. Ana rubuta ta da dalilanta, a sa hannu, kuma kundin ya ƙayyade mafi ƙarancin hannayen da za su sa ta karɓu. 'Yan adawa 25 sun isa su cika shi ba tare da roƙon kowa ba. A miƙa wa shugaban majalisa, ya sanar da zaure da gwamnati. Daga lokacin da aka ajiye ta, ba a kaɗa ƙuri'a sai an cika awa 48. Mutanen waje na ɗaukar wannan jira a matsayin ƙa'ida kawai. A cikinsa ake yin komai. Da rana shugabannin rukunoni su zauna su raba lokacin magana, kowane rukuni gwargwadon yawan kujerunsa. Da dare motoci su yi ta kai-komo tsakanin gidajen manya da masaukin 'yan majalisar da suka zo daga Damagaram, Tawa, Maraɗi, Difa. Wanda ke ƙauye a aika masa ya taho. Wanda ba shi da lafiya ko yake wani aiki a waje a nemo takardar wakilcinsa, domin doka ta yarda ɗan majalisa ya jefa wa wani ƙuri'a, amma wakilci ɗaya tak ga mutum ɗaya. Mai rahoton da bai bi diddigin waɗannan takardun wakilci ba, lissafinsa ba zai taɓa fita ba: sai ka ƙirga kawuna a zaure ka sami ƙasa da 113, a buɗe akwati ka ga ƙuri'u sun cika.

Akwai kuma lokacin da aka zaɓa. A wancan zamani zaman farko na shekara yana buɗewa a makon farko na Maris, ba ya wuce kwana 90. Ƙarshen Mayu ke nan ƙurewar zaman. Da takardar ta makara da 'yan kwanaki, da 'yan majalisa sun watse.

Ƙa'idar ƙirga ta fi ba gwamnati kariya. Ƙuri'ar "eh" kaɗai ake lissafawa, kuma sai ta haura rabin dukkan kujeru, ba rabin waɗanda suka halarta ba. Wanda ya ƙi zuwa, da wanda ya jefa farar takarda, duk gwamnati suka taimaka. Shi ya sa takardun da aka sha kawowa kan Hama a baya suka faɗi. 'Yan adawa na buƙatar mutum 32 daga ɓangaren masu rinjaye, abin da a kan takarda kamar mafarki ne.

Abin da ya ba da ƙofa shi ne ƙuri'ar asiri. A jamhuriya ta biyar, wato zamanin kundin 1999, ɗan majalisar da ya bar jam'iyyarsa ya rasa kujera, mataimakinsa ya hau, don haka ba mai fitowa fili ya yi wa jam'iyya tawaye. A ranar 31 ga Mayu mun ji mutane sun hau mumbari suna yabon gwamnati, wani da Faransanci, wani da Hausa, wani da Zabarmanci, ƙasa na saurare kai tsaye. Da aka zo jefawa, ana kiran suna ɗaya bayan ɗaya, mutum ya taso ya jefa a akwati ya koma. Lokacin ƙirga, mu a wurin zaman 'yan jarida kowa ya ja layi biyu a takarda yana saka alama biyar-biyar. Da layin "eh" ya wuce 25 ba wanda ya ɗaga kai, an san za a sami 'yan tsiraru masu ƙorafi. Da ya wuce 40 sai zauren ya fara ɗaukar wani irin gunaguni, wasu na waiwayen na kusa da su. Aka tsaya a 62. Cire 25 daga 62, saura 37: mutum 37 daga cikin 88 sun kayar da gwamnatinsu. Ko da a ce dukkan 'yan CDS 22 sun bi, sai an nemo wasu 15 daga sauran jam'iyyun ƙawance ko daga MNSD ɗin kanta.

Ra'ayina, kuma ra'ayin da yawa daga cikin waɗanda suka zauna a wurin, shi ne 37 ba sa tashi rana ɗaya don kishin bencin makaranta. An daɗe ana raɗe-raɗin tsamin dangantaka tsakanin Tandja da Hama kan wanda zai gaji kujera a 2009, kuma sauran shugabannin ƙawance kowa na da nasa burin. Badaƙalar gaskiya ce, fushin jama'a gaskiya ne, amma ƙuri'ar ta ɗauki kaya fiye da nata.

Hama ya miƙa murabus ɗin gwamnatinsa ba tare da jan ƙafa ba, ya ce dimokuraɗiyya ce ta yi aikinta. Nan zaɓi biyu ke gaban shugaban ƙasa: ya naɗa sabon firaminista, ko ya rushe majalisa a koma zaɓe. Mai zaune a kujerar shugaban majalisa a lokacin, Mahamane Ousmane, ya fi kowa sanin haɗarin na biyun. Shi ne, yana shugaban ƙasa, ya rushe majalisa a Oktoban 1994 bayan ta kayar da gwamnatin Souley Abdoulaye, ya faɗi zaɓen Janairun 1995, aka tilasta masa zama da firaminista daga adawa (Hama Amadou ɗin nan dai), rikicin ya ƙare da juyin mulkin Ibrahim Baré Maïnassara ranar 27 ga Janairun 1996. Tandja ya ɗauki na farko. Kundin ya ce masu rinjaye su kawo sunaye uku ya zaɓi ɗaya. Ranar 3 ga Yuni ya zaɓi Seyni Oumarou.

Shekara guda bayan haka aka sake jan majalisar aiki. A Yunin 2008 aka kawo tuhumar Hama kan sefa miliyan 100 na asusun tallafa wa kafofin yaɗa labarai. Matakan dai su ne na ministocin ilimi: kwamiti, rahoto, ƙuri'a. Ranar 23 ga wata aka amince da tuhumar, ranar 26 aka wuce da shi kurkukun Kutukale, inda ya zauna har Afrilun 2009. Yana can MNSD ta yi babban taro a Damagaram a Fabrairun 2009 ta ɗora Seyni Oumarou a shugabancinta. Da hannunta majalisa ta kawar da mutumin da ya fi kowa ƙarfin ce wa Tandja a'a a cikin jam'iyyarsa.

Kiran Tazarce ya fito fili a ƙarshen 2008, daga bikin aza harsashin matatar mai ta Damagaram zuwa gangamin Yamai na Disamba. Hujjar masu kiran ita ce a bar tsoho ya ƙarasa manyan ayyukan da ya fara: matatar, madatsar Kandaji, gada ta biyu a kan kogin Kwara, ma'adinin yuraniyom na Imuraren. A Maris ɗin 2009, a gaban Shugaban Faransa Nicolas Sarkozy, Tandja ya ce zai sauka idan wa'adinsa ya cika. A Mayu maganar ta sauya.

Ta majalisa dai hanya a toshe take. Gyaran kundi sai kashi uku bisa huɗu sun yarda a duba shi, wato 85, sannan kashi huɗu bisa biyar su amince, wato 91, in ba haka ba a je ƙuri'ar raba gardama. CDS kaɗai ta janye, 88 ta koma 66, ban da magoya bayan Hama da ke cikin MNSD. Ko da ma an sami adadin, sashe na 136 ya haramta taɓa sashe na 36, mai cewa wa'adi shekara biyar ne, ana sabunta shi sau ɗaya. Sai fadar ta ce ai ba gyara za ta yi ba, sabon kundi za ta kawo, ta sashe na 49 da ya ba shugaban ƙasa damar tambayar talakawa kai tsaye. Wasu 'yan majalisa suka nemi fatawar kotun tsarin mulki. Ranar 25 ga Mayu kotun, ƙarƙashin Salifou Fatimata Bazeye, ta ce sashe na 49 bai ba da wannan dama ba, kuma yin hakan saɓa rantsuwa ne. Tandja da Alƙur'ani ya rantse, saɓa rantsuwa kuma na cikin abin da kundin ya lissafa a cin amanar ƙasa. Washegari, 26 ga Mayu, aka karanta dokar rushe majalisa.

A nan ne ya kamata mai nazari ya lura da jerin matakan, domin jerin ne ya ci wasan. Sashe na 48 ya ce shugaban ƙasa ya tuntuɓi firaminista da shugaban majalisa kafin ya rushe. Tuntuɓa ce, ba neman izini ba. Da rushewar, abubuwa uku suka tafi tare: babu zauren da zai tara ƙuri'a 76 ya tuhume shi, babu Babbar Kotun da za ta yi shari'ar, kuma rigar kariyar 'yan majalisa ta faɗi. Doka ta ce a yi sabon zaɓe tsakanin kwana 45 da 90, wato kafin 24 ga Agusta, hukumar zaɓe ta CENI ma ta sa ranar 20 ga Agusta. Ranar 12 ga Yuni kotun tsarin mulki ta soke dokar kiran ƙuri'ar raba gardama, wannan karon hukunci ne da ya hau kan kowa, ba shawara ba. CDS ta fice daga gwamnati. Ranar 26 ga Yuni Tandja ya ɗauki ikon gaggawa na sashe na 53. Sashen ya tanadi cewa majalisa ta zauna da kanta a irin wannan hali, ba a rushe ta, ita ce kuma ke sa ido kan tsawon lokacin. To amma wata guda ke nan da babu ita. Da an fara da ikon gaggawa, da ba a iya rushewa ba. Da aka fara da rushewa, sai ikon gaggawar ya zo ba mai tsawata masa. Ranar 29 ga Yuni aka rushe kotun tsarin mulkin ma, wadda kundin ya ce ba a cire alƙalanta.

Ranar 4 ga Agusta aka kaɗa ƙuri'ar. Hukuma ta ce sama da kashi 92 cikin ɗari sun amince, kuma kashi 68 sun fito. 'Yan adawa da suka ƙaurace suka ce adadin masu fitowar ƙage ne. Sabon kundin ya ƙara wa Tandja shekara uku, ya cire iyakar wa'adi, ya mayar da shi shugaban gwamnati.

Sai fayil ɗin cin hanci ya juya. A 2008 ƙungiyoyin farar hula sun yi ta zanga-zanga kan alawus da 'yan majalisa suka ƙara wa kansu, don haka talaka bai da wani tausayinsu. A Satumban 2009 aka fara kiran tsoffin 'yan majalisa ofishin 'yan sanda kan kuɗaɗen da aka ce sun karɓa ba bisa ƙa'ida ba, aka tsare wasu. Issoufou, Ousmane da Hama duk aka buɗe musu fayil. Ban ce hannun kowa a wanke yake ba. Amma tambayoyin da 'yan adawa da jaridu ke yi kan yadda aka raba lasisin haƙar ma'adinai, su ba a sami zauren da za a yi su ba.

Matsin lambar waje kuwa yana da tasa ƙa'idar, kuma jinkirinsa daga ƙa'idar ya fito. ECOWAS, wadda a Nijar aka fi sani da CEDEAO, ta dogara da yarjejeniyarta ta 2001 kan dimokuraɗiyya, mai hana a yi wa dokokin zaɓe babban sauyi cikin wata shida kafin zaɓe sai da yardar akasarin 'yan siyasa. Shugabancinta a lokacin yana hannun Umaru Musa 'Yar'Adua na Najeriya. Sai ranar 17 ga Oktoba shugabanni suka zauna a Abuja suka nemi a ɗage zaɓen majalisa, suka naɗa Janar Abdulsalami Abubakar mai shiga tsakani. Kwana uku bayan haka, 20 ga Oktoba, aka yi zaɓen, kusan wata biyu bayan wa'adin tsohon kundi ya wuce, MNSD ta kwashe kujera 76. ECOWAS ta dakatar da Nijar. Tarayyar Turai ta fara da riƙe tallafin kasafin kuɗi, sannan ta bi sashe na 96 na yarjejeniyar Kotonu da ta haɗa ta da ƙasashen Afirka irin su Nijar, wanda ya ce sai an gayyaci gwamnati an tattauna kafin a ɗauki mataki. Zaman Brussels sai a Disamba. Amurka ma a Disamba ta dakatar da tallafin da ba na jinƙai ba, ta taƙaita biza ga manyan gwamnati, ta cire Nijar daga shirin kasuwanci na AGOA.

Me ya sa wannan bai girgiza fadar ba, alhali a 2006 riƙe kuɗin ilimi kaɗai ya ci kujerar ministoci biyu? A 2006 abin da ake nema mai araha ne ga shugaban ƙasa, kawunan wasu ne. A 2009 kujerarsa ake magana. Kuma aljihun ya sauya: a Yunin 2008 kamfanin CNPC na Sin ya sa hannu kan rijiyoyin man Agadem da tukuicin dala miliyan 300, a Janairun 2009 Areva ta Faransa ta sami Imuraren. Paris ta yi Allah wadai da baki, amma ba ta taɓa yuraniyom ba. Masu ba da agaji kuma ba za su iya rufe famfo gaba ɗaya ba, domin daminar 2009 ba ta yi kyau ba, yunwa na tafe.

Tattaunawar Abdulsalami ta buɗe a Yamai gab da 22 ga Disamba, ranar da wa'adin Tandja na asali ya cika, kuma ta cije kan abu guda. Gwamnati ta ce a yi magana a cikin jamhuriya ta shida, wato tsarin sabon kundin, ƙawancen adawa na CFDR ya ce bai san da ita ba, a koma kundin 1999. Duk wata shawarar raba muƙamai sai ta dawo kan wannan tambaya, a tashi ba a cimma komai ba. Sabuwar majalisar, da Seyni Oumarou a kujerar shugabanci, Ali Badjo Gamatié kuma a matsayin firaminista, ta zauna ta yi aikinta ba mai ja. Ranar 18 ga Fabrairun 2010, ana tsakiyar taron majalisar ministoci, sojoji ƙarƙashin Salou Djibo suka kutsa fadar suka kama Tandja. Da dare kakakinsu ya sanar da dakatar da kundin jamhuriya ta shida da rushe dukkan hukumomin da suka fito daga cikinsa, har da majalisar da ba ta cika wata huɗu da zaɓe ba.